Ciwon da Ke Jiran Mutum a Bakin Kwano

Akwai wani irin zama da likitocin ciki kan gane tun kafin mara lafiya ya buɗe baki. Mutum ya zauna a bakin gado ko a kan tabarma, ya dunƙule, ya jawo gwiwoyinsa zuwa ƙirji, ya sunkuya gaba, wani lokaci har ya cusa matashin kai a ciki ya danne da hannu biyu. Ka ce masa ya miƙe ya kwanta ya huta, sai ya girgiza kai, domin kwanciyar rigingine ƙara masa azaba take yi. Ciwon daga ƙahon zuci yake tasowa, ya ratsa ciki ya ɓullo ta gadon baya. Yawanci yakan motsa ne jim kaɗan bayan an ci abinci, musamman mai maiƙo, kuma idan ya kama yana iya yin sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kafin ya saki.

A wajenmu duk ciwon da ya tsaya a wannan gurbi suna ɗaya gare shi, olsa. Mai kemis ya ce olsa ce, maƙwabciya ta ce olsa ce, shi ma mai ciwon ya karɓa. Sai a shiga sayen farin maganin nan na kwalba, a hana shi yaji da tsami, a ce kada ya bari cikinsa ya zauna ba komai. Sau da yawa an canka daidai, don gyambon ciki ya yi yawa a cikinmu. Amma akwai waɗanda za su shekara biyar, su shekara goma a kan wannan magani ba sauƙi, jiki na ta zubewa, bayan gida ya sauya kama, daga baya ciwon sukari ya biyo. A cikin irin waɗannan akwai masu fama da daɗaɗɗen kumburin fankiriyas, cutar da ba a cika jin sunanta a gidajenmu ba, alhali likitocin Najeriya na cikin waɗanda suka fara bayyana wa duniya wani nau'inta sama da shekara 50 da suka wuce.

Fankiriyas gaɓa ce doguwa mai taushi, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a gicciye can bayan tumbi, dab da ƙashin baya. Shi ya sa ciwonta ke fita ta baya. Aiki biyu gare ta. Tana haɗa ruwan narkar da abinci, fiye da lita ɗaya kowace rana, wanda ke bin wata siririyar hanya ya zuba a farkon ƙaramin hanji. A cikin ruwan akwai sinadarin da ke narkar da kitse, da wanda ke narkar da nama da ƙwai da wake, da na sitaci irin na tuwo da shinkafa. Sannan a warwatse cikin tsokarta akwai wasu ƙananan curin ƙwayoyin halitta da ke samar da insulin, mai saukar da sukarin jini, da gulukagon, mai ɗaga shi idan ya faɗi.

Sinadaran narkar da abincin nan a ɗaure suke fitowa, ba sa fara aiki sai sun isa hanji. Idan suka kwance tun suna cikin gaɓar, sai su juya su fara cin ta. Wannan ne kumburi. Akwai na farat ɗaya, wanda sau da yawa tsakuwar maɗaciya ke haddasawa, a kwantar da mutum asibiti ya warke ya tashi. Wanda muke magana a kai shi ne mai dawowa yana komawa, ko mai ci a ɓoye shekara da shekaru, har tsokar ta zama tabo, ta taurare, ta tsuke, tsakuwoyi su fito a cikin hanyar ruwan. Wanda ya taɓa ganin magudanar gida ta toshe da damina ya san abin da ke biyo baya: ruwa bai samu hanyar fita ba, sai ya dawo ya yi ta cin gindin katanga. Tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa. Abin da magani ke yi shi ne rage gudun ɓarnar, kwantar da ciwo, da kuma maye gurbin aikin da gaɓar ta daina yi.

Zargin da ke zuwa tare da sunan cutar

A Turai da Amurka, inda ake ƙiyasta cewa mutum kusan 50 cikin kowane 100,000 na ɗauke da ita, yawan shan barasa na tsawon shekaru ne babban sanadi. Daga nan ne littattafan likitanci suka ɗauko ta, shi ya sa tambayar farko da mara lafiya ke ji ita ce ko yana sha. Tambaya ce da ta zama dole a yi. Amma a ƙasar Hausa nauyinta daban ne. Magidanci mai mutunci a unguwa, ko matar aure da ba ta taɓa jin warin giya ba, a yi musu wannan tambaya a gaban ɗan rakiya, su ce a'a, a sake maimaitawa da kallon rashin yarda, to an bar musu wani ciwon a zuci. Akwai masu ɓoye sunan cutarsu ga dangi saboda tsoron kada wani ya duba a waya ya ga an haɗa ta da giya.

Gaskiyar magana ita ce, ko a cikin mashaya na sosai, waɗanda cutar ke kamawa ba su kai 5 cikin 100 ba. Taba ma sanadi ce mai zaman kanta, tana kuma gaggauta fitowar tsakuwa. Akwai na gado: a 1996 David Whitcomb da abokan aikinsa a Jami'ar Pittsburgh suka gano tangarɗar ƙwayar halittar da ke sa cutar ta bi zuri'a guda, tana kama yara tun suna ƙanana. Yawan kitse a jini na kawo ta, haka yawan sinadarin kalsiyam, haka toshewar hanyar ruwan, akwai kuma nau'in da garkuwar jiki ce ke far wa gaɓar. Wasu masu yawa kuwa, duk binciken da za a yi ba za a ga dalili ba.

Sai nau'in da ya fi shafar mu kai tsaye, wanda likitoci suka laƙaba wa sunan ƙasashe masu zafi. A 1959 wani likita ɗan Holand mai suna Zuidema ya ba da rahoton matasa matalauta a Indonesiya da ke da tsakuwa a fankiriyas da ciwon sukari, ba kuwa mashaya ba ne. Shekara guda bayan haka wani likita mai suna Shaper ya ga irinsu a Uganda. A asibitin koyarwa na Ibadan, Kinnear ya bayyana su a 1963, sannan a 1969 likitoci biyu masu suna Olurin suka wallafa bayanin mutum 45 a mujallar likitocin Birtaniya. A jihar Kerala ta Indiya likita Geevarghese ya tara bayanin ɗaruruwan irinsu. Labarinsu kusan iri ɗaya ne: ciwon ciki tun ƙuruciya, ciwon sukari wajen balaga, sannan mutuwa da sauran ƙarfi idan ba a samu kulawa ba. A 1980 likitoci Nwokolo da Oli na Inugu suka kawo bayani a mujallar Lancet cewa yunwa da gudawa da bushewar jiki da yaro ke sha a kai a kai suna iya sa ruwan gaɓar ya yi kauri ya toshe hanya. An daɗe ana zargin rogo, amma zargin bai tabbata ba. Binciken da aka yi a Indiya daga baya ya nuna da yawa daga cikin masu wannan nau'i suna da wata tangarɗa ta gado da ke raunana kariyar gaɓar. Duk wanda ya san yadda tamowa ke yi wa yaran karkararmu ya kamata ya riƙe wannan tarihi a ransa, musamman idan ya ga siririn saurayi ɗan shekara 18 da ciwon sukari da tsohon ciwon ciki.

Kwano, da abin da ke biyo bayansa

Rayuwar mai wannan cuta a kan abinci take juyawa. Kowace loma da lissafinta: in na ci wannan, me zai biyo baya, a ina zan kasance idan ya taso, akwai bayi a kusa? Da yawa sukan rage ci da kansu saboda tsoro, su wuni a kan kunu da ruwan shayi. Ga ƙarancin ci, ga ɗan abin da aka ci ba ya narkewa.

Gaɓar tana da juriya ƙwarai. Sai ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinta kafin kitse ya fara fita ɗanye a bayan gida. Idan aka kai nan, alamar a fili take ga wanda ya duba: bayan gida mai yawa, fari-fari, mai sheƙin mai, mai wari fiye da kima, yana tasowa saman ruwa, ba ya wankuwa da wuri, wani lokaci har maiƙo ya ɓata wando. Ga kumburin ciki da yawan iska. To amma mai amfani da masai na rami ba ya ganin abin da ya fita daga jikinsa, wanda ya gani kuma kunya ba ta barin sa ya faɗa, balle mace a gaban likita namiji. Sai a ce “gudawa” kawai, a rubuta maganin taifot ko na tsutsar ciki. Alama mafi muhimmanci a cutar ta wuce ba wanda ya ambace ta. Ina ganin likita ne ya kamata ya sauƙaƙa wannan, ya yi tambayar dalla-dalla ba tare da jiran mara lafiya ya fara ba.

A wurinmu kuwa cin abinci zumunci ne. Ana haɗa hannu a kwano ɗaya, ana aika wa maƙwabci, ana auna ƙauna da yawan man shanun da aka kwarara a kan tuwo. Mai ciwon fankiriyas ya je gidan suna a ajiye masa waina tana ɗigar mai, ya je biki ga soyayyen nama, Babbar Sallah ta zo gida ya cika da ƙamshin suya kwana uku. Ya ɗauki ɗan kaɗan ya janye hannu, sai a fara: “Haba Malam, ci mana.” “Ko girkin ne bai yi ba?” A gidan da ke da mata biyu abin ya fi haka nauyi, domin maigida ya ture kwano ranar girkin wata, ya ci ranar girkin wata saboda ya tashi da ɗan sauƙi, ba wanda zai karanta wannan a matsayin ciwo. Ramar da yake yi kuma ta zama abin raɗa a unguwa. Wani ya ce ƙanjamau, wani ya ce tarin fuka, wata ta ce ai sammu ne, a nemi mai magani.

A da likitoci kan hana masu cutar maiƙo gaba ɗaya. Yanzu shawarar masana abinci a Turai ta sauya, domin an ga hanin na ƙara jefa mutum cikin tamowa. Abin da ake so shi ne a ci abinci na yau da kullum da maiƙo daidai misali, tare da maganin narkarwa, a kuma raba cin kashi 5 ko 6 a wuni maimakon a cika ciki sau biyu. Dafaffen kifi, kaza, ƙwai, nono, fate, tuwo da miyar da ba a cika wa mai ba, duk suna shiga. Soye-soye masu nauyi ne aka fi jin jiki da su, kuma kowane mara lafiya yakan gane abin da cikinsa ba ya ɗauka. Dalilin wannan kulawa shi ne, bitamin A da D da E da K a cikin kitse suke shiga jiki. Idan kitse na wucewa, su ma suna wucewa. Daga nan ake samun dundumi, da raunin ƙashi har mutum ya karye a faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba.

Ƙwayar da ake haɗiya da lomar farko

Maganin da ya fi sauya rayuwar masu wannan cuta shi ne kafson sinadaran narkar da abinci, wanda aka fi sani da sunan kamfani Creon, ko da yake akwai wasu. Idan ka buɗe kafso ɗaya za ka ga ƙananan ƙwayoyi kamar gero, kowace an lulluɓe ta da rufin da ke kare ta daga tsamin tumbi har ta isa hanji. Saboda haka ba a tauna shi, ba a daka shi, ba a kora shi da shayi mai zafi. Kuma amfaninsa na ga haɗuwa da abinci. Wanda ya sha shi da asuba da dare kamar maganin hawan jini ya yi asarar kuɗinsa. Da lomar farko ake haɗiye shi, idan cin zai ɗauki lokaci a raba, wani a farko wani a tsakiya. Da yawan waɗanda ke cewa maganin bai yi musu ba, ko dai ba a koya musu wannan ba, ko adadin ya yi kaɗan.

Ƙa'idar likitocin Turai ta 2017 ta ce babba ya fara da awo 40,000 zuwa 50,000 na sinadarin narkar da kitse a kowane babban ci, da rabin haka a ƙaramin ci. Idan kafson mai awo 25,000 ne, biyu ke nan a kowane kwano. Ci uku manya da ƙanana biyu sun kama kafso 8 a rana, 240 a wata, kuma har iyakar rayuwa. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin canjin kuɗi. Ma'aikacin da ke jiran albashi ko ɗan tireda ya san ba zai iya ba, sai ya koma shan ɗaya a wuni, ko ya ajiye sai ranar da zai ci nama. Ko a Birtaniya an yi fama da ƙarancin maganin a 2024, har marasa lafiya suka riƙa zagaye kantunan magani suna nema.

Sai zafi. An rubuta a kwalin cewa kada a ajiye shi inda ya wuce digiri 25, domin zafi na kashe sinadaran. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu ana haura digiri 40 a inuwa. Kafson da ya wuni a aljihun gaba na direba, ko a cikin mota a rufe, ko a shagon da ba wuta ba fanka, yana iya zama ba shi da sauran ƙarfi alhali kamanninsa bai sauya ba. Dabara ita ce a bar shi a kwalbarsa a rufe, a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da damshi, a riƙa fita da na wuni ɗaya kawai.

Akwai magana ɗaya da ba ta kamata a ɓoye ba. Daga fankiriyas ɗin alade ake haɗa wannan magani, kuma har yanzu ba a samu madadin da ya kai shi aiki ba. Musulmi da yawa sai sun daɗe suna sha suke ganin haka a jikin takarda, hankalinsu ya tashi, wasu su watsar. Malamai da dama sun ba da fatawar halaccinsa bisa ƙa'idar larura, idan amintaccen likita ya tabbatar da buƙata kuma babu wani. Haƙƙin mara lafiya ne a gaya masa tun ranar farko, a ba shi dama ya je ya tambayi malaminsa da cikakken bayani a hannu: me zai same shi in ya bari, kuma akwai madadi ko babu. Wanda ya yanke hukunci da saninsa ya fi riƙe magani.

Ciwo, da kallon da ake yi wa mai neman sauƙi

Ciwon kansa shi ne abin da ya fi karya mutum. Wasu yana zuwar musu ne lokaci-lokaci, a samu makonni lafiya lau. Wasu kuma ba ya ɗagawa, dare da rana. Bayan shekaru, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su ma sukan lalace, su riƙa kai ƙara ko da kumburin ya kwanta. Shi ya sa za a ɗauki hoto a ga ba wani sabon abu, a gwada jini a ga ba komai, mutum kuwa yana murƙususu. Idan ka duba saman cikin wasu ko bayansu za ka ga fata ta yi dabbare-dabbare saboda yawan ɗora robar ruwan zafi. A karkara za ka ga tabon tsaga da na ƙaho.

Ana farawa da farasitamol. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac na iya taimakawa, amma yawan shan su na cin tumbi da ƙoda. Wani gwaji da aka yi a Denmak da Holand, aka wallafa a 2011, ya nuna pregabalin, maganin ciwon jijiya, na rage raɗaɗin ga wasu. Idan duk waɗannan sun gaza sai a hau kan tiramadol ko abin da ya fi shi ƙarfi. A nan mai ciwon fankiriyas a Najeriya ke faɗawa cikin rikicin da ba shi ya haddasa ba. Kowa ya san ɓarnar da tiramadol ya yi wa matasanmu, ya kuma tuna yadda gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Tsaurin da aka yi yana da dalili. Amma ramammen saurayi da ya shigo ɗakin gaggawa da tsakar dare, a karo na huɗu cikin wata, yana roƙon allura har yana faɗin sunanta, da wuya a kalle shi da idon rahama. Haɗarin ta fuska biyu yake. Ana iya barin mai ciwon gaske cikin azaba saboda zato, ana kuma iya barin sa ya riƙa sayen ƙwaya a bayan fage yana ƙara adadi har ta kama shi, ga taurin bayan gida, ga haɗarin farfaɗiya. Abin da ke raba wannan gardama shi ne likita ɗaya da ya san mutum, da kati ɗaya, da takardar bayanin cutar da zai riƙa yawo da ita.

Ba kowa ne zai ƙare a kan ƙwaya ba. Idan hoto ya nuna hanyar ruwan ta toshe ta kumbura, ana iya zura na'ura mai kyamara ta baki a ciro tsakuwa ko a sa ɗan bututu, ana kuma iya farfasa tsakuwar daga waje da na'ura. Akwai tiyatar da ake tsaga hanyar a ɗinke ta da hanji, wadda likita Puestow ya bayyana a 1958, da ta Frey ta 1987 da ke haɗawa da rarake kan gaɓar. Wani gwaji a Holand a kan mutum 88, da aka wallafa a 2020, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi samun sauƙin ciwo a kan waɗanda aka bi da su mataki-mataki. A Jami'ar Minnesota tun 1977 ake cire gaɓar gaba ɗaya a dasa ƙwayoyin insulin ɗinta a hantar mai ita, amma wannan aiki ne na cibiyoyi ƙalilan a duniya. A wajenmu, manyan asibitoci irin na Shika, da na Malam Aminu Kano, da na Sakkwato da Maiduguri, da asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram, nan ne ya kamata a nemi a tura mutum ya ga likitan ciki da na tiyata kafin ciwon ya yi shekaru yana cin jijiya.

Sukari da azumi

Idan tabo ya cinye ƙwayoyin insulin, sai ciwon sukari ya shigo, wanda likitoci ke kira nau'i na 3c. Ya bambanta da wanda aka saba gani a jikin masu ƙiba. Tunda gulukagon ma ya tafi, jiki ba shi da abin da zai tallafe shi idan sukari ya faɗi. Mutum ya yi allurar insulin, ciwo ya hana shi ci, ko ya ci abincin bai narke ba, sai gumi, rawar jiki, ruɗewa, har suma. Shi ya sa ake so kullum ya kasance da dabino ko ƙwayar sukari a aljihu, mutanen gida kuma su san alamun. Ko fara shan kafson narkarwa yana iya sauya lissafin, domin abinci ya fara shiga jiki sosai, sai a sake daidaita allura.

Watan Ramadan kuwa gwaji ne babba. Dogon wuni ba ci ba sha, sannan a buɗe baki da ƙosai da soyayyen dankali da farfesu mai maiƙo a zama ɗaya, wannan ya ci karo da duk abin da cikin nan ke buƙata. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, wanda ciwonsa ba a sa ran warkewarsa kuma malamai sun yi bayanin ciyarwa a madadin azumi. Duk da haka mutane da yawa na ɗauka, saboda shauƙin ibada, ko saboda nauyin a gan su suna ci. Wanda cutarsa ba ta yi nisa ba kuma ba ya allura, mai yiwuwa ya iya, da shawarar likita, yana raba buɗa-baki kashi-kashi. Wanda ke kan insulin ga rama, ransa yake sakawa a haɗari. Zancen nan tun a Sha'aban ya kamata a yi shi, da likita da malami, kuma a gaban iyali, don kada a bar shi shi kaɗai da kunyar kwanonsa da rana.

Abin da ba a gani a hoton asibiti shi ne yadda cutar ke rushe tsari. Tela ya karɓi ɗinkin Sallah ciwo ya kwantar da shi mako guda. Malamin makaranta ya yi ta neman izini har shugabansa ya fara cewa, “Jiya fa na gan ka lafiya lau a kasuwa.” Mace tana tsaye a kan murhu tana soya abin da ƙamshinsa kaɗai ke tayar mata da zuciya. Rashin barci da bashin magani da zargi sukan taru su zama ciwon damuwa, kuma damuwa na ƙara kaifin ciwo. Wannan ma abin gaya wa likita ne, yana da magani. Mai shan taba kuwa, babu abin da zai yi wa kansa da ya kai barin ta, haka mai shan barasa, ko da ba ita ce ta jawo ba.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: idanu su yi shawara, amai ya ƙi tsayawa, zazzaɓi tare da ciwon, aman jini ko baƙin bayan gida, ko wani ƙullutu ya taso a saman ciki, wanda sau da yawa jakar ruwa ce da ta taru a gefen gaɓar. Haka idan ciwo ya sauya salo, ko rama ta yi sauri duk da ana shan magani. Masu wannan cuta sun fi sauran mutane haɗarin kansar fankiriyas. Wani babban bincike na ƙasashe da dama da aka wallafa a 1993 ya samu kusan mutum 4 cikin 100 a tsawon shekara 20. Mafi yawa ba za su same ta ba, amma ya isa dalilin da zai sa a riƙa komawa asibiti ko da an ji sauƙi.

Gano cutar ba kullum yake buƙatar na'ura mai tsada ba. Idan tsakuwa ta riga ta fito, hoton ciki na ekisire kawai yana nuna ta, fararen ɗigo-ɗigo a gicciye a saman ciki, kuma da shi likitocin Ibadan suka gano marasa lafiyarsu a shekarun 1960. Sikanin ciki na iya nuna kumburin hanyar ruwan, hoton CT ya fi fayyacewa, akwai kuma gwajin bayan gida da ke auna ƙarfin gaɓar. Bayan an gano, matsalar ita ce kafso 240 ɗin nan na kowane wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadaran fankiriyas a jerin muhimman magunguna na yara, Najeriya kuma ta yi dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta shiga ga kowa. Ya kamata hukumar inshorar ta ƙasa da takwarorinta na jihohi su tabbatar wannan magani na cikin abin da suke biya, a kuma same shi a kantunan asibitocin gwamnati inda ake ajiye shi cikin sanyi.